Awarwaron Roba

Kwana shida da dawowata Damagaram,
awarwaron nan bai bar wuyan hannuna ba,
shuɗi, na roba, da lambar ɗaki a jiki.
Sau biyu Cima tana kawo almakashi,
ina cewa, bari tukuna.

Kamfanin da nake sayar wa batir ya biya komai,
jirgi, gado, ci da sha, mako guda a bakin teku.
Suka ɗaura mini wannan a ƙofar otal,
suka ce in na ɗaga hannu, za a zuba.
Ni da na yi furfura a kasuwar Dole
ina jan dala biyar da mai tumatir,
sai ga ni inda ba tayi, ba albarka, ba gyara.
Abinci bai saba shiga bakina babu gardama ba.

Kifi da safe, kifi da dare,
da wani ƙwaro mai gashin baki da aka ce nama ne.
Na dube shi, ya dube ni,
na ɗebi shinkafa.

Turawa sun shanya kansu a rairayi kamar kilishi,
suna juyawa in gefe ɗaya ya yi.
Ranar da muke gudu a nan tun hantsi,
ita suka biya kuɗin jirgi su zo su kwanta mata.

Daren farko, ƙarfe uku, na farka da kaina,
na kasa kunne ko famfo ya yi tari.
Na murɗa. Ya zo da ƙarfi, har da mai zafi.
Kafin hankalina ya dawo
na cika bokitin shara da kofuna biyu,
na jera su a bayan ƙofa.
Mai gyaran ɗaki ta zubar da safe, ba ta ce komai ba.

Teku kuwa, ban san yadda zan faɗa ba.
Ya zo ya lashi ƙafata ya koma,
ya sake zuwa, kamar mai bin bashi.
Na yi alwala da shi,
gishiri ya bushe a gemuna fari kamar kanwa.

Rana ta huɗu na ce wa mai kawo shayi madalla,
sai kofi ya yi rawa a hannunsa.
Ilu ne, ɗan Mirya.
Shekara bakwai yana share gefen tafkin wankansu,
bai taɓa tsoma ko yatsa ba.
Hannunsa babu awarwaro.
Ya tambaye ni ko gwaiba ta nuna a garka,
ko dutsen bayan tasha yana nan.
Ina dutse zai je, Ilu?
Ya ba ni jikka ashirin a ƙulle cikin leda, na uwarsa.
Shekaranjiya na kai. Ta ƙirga sau uku,
ta ce, ya rame?
Na ce, a'a.

Baba Ari na kawo wa teku a gorar lemo.
Ya ɗanɗana, ya tofar, ya daɗe yana duban gorar.
Ya ce, duk wancan ruwa, kuma ba a dama fura da shi?
Ya ajiye ta kusa da rediyonsa.

Yau kwana huɗu famfon Birni bai ce uffan ba.
Ɗan ga-ruwa ya tsaya da kurarsa a ƙofa,
na ɗaga masa hannu, shuɗin yana ƙyalli.
Ya ce, Alhaji, jarka dala arba'in.
Na ce, talatin.
Ya ce, albarka.
Wani daɗi ya sauko mini har ciki.

Cima, kawo almakashin.
Kada ki yar, bakin tiyon nan yana yoyo,
robar za ta ɗaure shi.